Wai me ya sa Linux ya rarrabu haka ne, ba za su haɗa kai su yi guda ɗaya ba?

sabon_shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masana Linux na gidan nan a taimaka min da bayani don wallahi kaina ya ɗaure. Laftof ɗina ta ɗan kwana biyu amma lafiyarta ƙalau, kawai dai ba ta da wannan guntun na'urar tsaro TPM 2.0 ɗin da Windows 11 yake nema, shi kuma Windows 10 tallafinsa na yau da kullum ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025, to sai wani abokina ya ce min ai kawai ka koma Linux, kyauta ne kuma baya cin ƙarfin na'ura, na ce to bismillah.

Ina shiga intanet da niyyar saukewa sai na tarar ashe babu wani abu guda ɗaya mai suna Linux da zaka danna ka sauke. Akwai Ubuntu akwai Mint akwai Fedora akwai Debian akwai Arch da Manjaro da openSUSE da Zorin da Pop!_OS, wani shafin ma ɗaruruwa na gani a jere. Na daure na zaɓi ɗaya, sai kuma aka ce wace fuska kake so, GNOME ko KDE ko Xfce ko Cinnamon ko MATE. Na sake daurewa na zaɓa na ɗora, kuma gaskiya ya yi kyau, injin ya yi sauri fiye da da. Amma ranar da na je ɗauko wata manhaja da nake aiki da ita, a shafinsu ɓangaren Windows maɓalli ɗaya ne, na Mac ɗaya, na Linux kuwa sai ga deb ga rpm ga Flatpak ga Snap ga AppImage ga wani tar.gz, na zauna ina kallon sikirin ban san wanne ne nawa ba. Na bi wani darasi na kwafo umarni na liƙa a taminal sai ya ce min bai san wani abu apt ba, ashe nawa dnf yake ji.

Tambayata ita ce, tunda duk waɗannan mutanen kyauta suke yi kuma duk burinsu ɗaya, me ya hana su haɗa ƙarfi su fitar da guda ɗaya mai inganci wanda kowa zai sani? Ni a ganina wannan rarrabuwar ce ta sa har yau mutane ba su karɓe shi ba, don na ga ana cewa wajen kashi 4 cikin 100 kawai yake da shi a kwamfutocin tebur. Abin yana damuna ne saboda na ga amfaninsa, ina so in jawo ƙannena da abokan aikina amma ban san ta ina zan fara musu bayani ba. Na gode.

tsohon_hannu ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena, barka da zuwa. Tambayar nan taka ta girmi wasu daga cikin masu karanta mu, tun shekarun 1990 ake kai ruwa rana a kanta, to bari in ɗan warware maka zaren yadda na fahimta.

Da farko waɗannan ɗaruruwan da ka gani kar su firgita ka, yawancinsu dangin juna ne. Shi Linux na ainihi wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, zuciyar tsarin ce kawai, wato ɓangaren da ke magana da injin, kuma wannan guda ɗaya ne har gobe bai rabu ba. Sai wasu su ɗauki zuciyar nan su haɗa ta da kayan aikin GNU da fuska da manhajoji su miƙa wa jama'a, shi ne abin da ake ce wa distiro. Idan ka bi salsala zaka ga gidajen 'yan kaɗan ne. Gidan Debian wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, daga cikinsa Ubuntu ya fito a 2004, daga Ubuntu kuma Mint da Zorin da Pop!_OS da elementary suka fito, duk waɗannan deb (irin ƙunshin manhajarsu) da apt (umarnin ɗora shi) suke ji. Gidan Red Hat da Fedora masu rpm da dnf, ga openSUSE shi ma rpm ne amma da nasa tsarin. Sai gidan Arch na 2002 wanda Manjaro da EndeavourOS suka fito daga ciki. Wanda ya gane ukun nan ya gane mafi yawan abin da zai ci karo da shi.

Maganar me ya hana su haɗa kai kuwa, ai ba wai wata rana aka zauna aka ce mu rarrabu ba, kowace ɓaraka da ka gani akwai abin da ya jawo ta kuma mafi yawa dalilin mai nauyi ne. Ɗauki GNOME da KDE. A 1996 wani Bajamushe Matthias Ettrich ya fara KDE a kan laburaren Qt, wato tarin kod da ake gina manhaja a kansa, a lokacin kuma lasisin Qt ba na 'yanci ba ne, kamfani ne ke riƙe da shi, to mutanen da suka shigo harkar don a samu tsarin da ba wanda zai iya ƙwacewa suka ce ba za mu gina gida a filin wani ba, shi ne Miguel de Icaza da Federico Mena 'yan Meziko suka fara GNOME a 1997 a kan wani laburaren mai suna GTK. A 2000 aka saki Qt ƙarƙashin lasisin 'yanci na GPL, dalilin rigimar ya kau, amma kafin nan kowanne ya tara jama'arsa da manhajojinsa da irin tunaninsa na yadda kwamfuta ya kamata ta kasance, KDE na son a ba ka damar juya komai yadda kake so, GNOME na son a rage maka abin da zai raba maka hankali. Wa zaka ce ya rufe nasa ya bi wani?

Sai 2011 da aka fitar da GNOME 3 aka sauya fuskar gaba ɗaya, aka cire layin ƙasa da menun da mutane suka saba. Wasu suka ji daɗi, wasu kuwa ransu ya ɓaci sosai, kuma a nan ne zaka ga bambancin wannan duniyar da ta manhajar kamfani. Da a wani wajen ne sai dai ka haƙura ko ka yi ta ƙorafi, amma a nan wasu suka ɗauki kod ɗin GNOME 2 suka ci gaba da shi da sunan MATE, mutanen Mint suka gina Cinnamon, Canonical kuma, kamfanin da ke yin Ubuntu, ya sa tasa fuskar Unity a Ubuntu har zuwa 2017 da ya ajiye shi ya dawo GNOME. Kaga daga rigima ɗaya fuska uku ta fito. Haka aka yi da systemd, wato ɓangaren da ke tada tsarin in an kunna inji, Debian ya yanke shawarar komawa kansa a 2014 bayan muhawara mai zafi, waɗanda ba su yarda ba suka ɓalle suka yi Devuan.

Abin da nake so ka riƙe shi ne lasisin da ya ba ka damar saukewa kyauta, shi ne dai ya ba kowa damar ɗaukar kod ya gyara ya raba da wani suna, ba zaka iya karɓar ɗaya ka ƙi ɗaya ba. Kuma babu wani shugaba da zai ba da oda. Mutumin da ya dawo daga aiki ya zauna da dare yana rubuta Xfce don yana son tsofaffin injina su ci gaba da amfani, in ka ce masa ya daina ya je ya taya GNOME ba zuwa zai yi ba, rufe laftof ɗinsa kawai zai yi, don haka lissafin da ake yi cewa da an haɗa su da ƙarfin ya ninka, ni ban yarda da shi ba.

Kuma buƙatun ma ba ɗaya ba ne. Mai ofis yana son abin da zai shekara biyar ba a taɓa masa ba, shi ya sa Ubuntu ke fitar da siga mai dogon tallafi, wato LTS, duk bayan shekara biyu a watan Afrilu da tallafin shekara biyar. Wanda ya sayi sabon inji jiya yana son sababbin direbobi, shi ya sa Fedora ke fita duk wata shida, Arch kuma kullum cikin sabuntawa yake. Distiro ɗaya ba zai iya zama mai tsayawa cak kuma mai gudu a lokaci guda ba.

mai_kod ta rubuta:

Malam tsohon_hannu Allah ya ƙara basira, tarihin da ka kawo daidai ne ban da ja a kansa, amma ka yi haƙuri ina ganin ka sassauta abin da yawa, kuma irin wannan sassautawar ce take sa sababbi su ga kamar laifinsu ne da ba su gane ba. Ɗan'uwan nan ya faɗi gaskiya, akwai ciwo a wajen, ni kuma daga ɗaya ɓangaren nake jin sa don ina kula da wata 'yar ƙaramar manhaja da nake rabawa kyauta.

Ni ba yawan fuskoki ko yawan sunaye ne ke damuna ba, kowa ya yi kalar da yake so. Inda gizo yake saƙar shi ne ƙasa, wajen da manhaja take haɗuwa da tsarin. Bari in nuna muku yadda ranar fitar da sabuwar siga take kasancewa. Na Windows in haɗa fayil ɗaya an gama. Na Linux in haɗa deb, sai wani ya turo saƙo cewa a nasa ya ƙi shiga saboda laburaren da na dogara da shi sigar da ke wajensa ta tsufa, in koma in haɗa a kan tsohon tsari don ya yi wa kowa, sai na wani sabo ya ce shi kuma an cire wancan tsohon laburaren daga rumbunsu. In yi rpm, ashe sunan ƙunshin da nake buƙata a wannan gidan daban yake da na wancan gidan alhali duk rpm ne. Sai ga wani da hoton sikirin, taga ta buɗe ba kai, babu maɓallin rufewa babu na ragewa, in bincika in ga ai a kan Wayland yake, wato sabon tsarin nuna tagogi a sikirin, kuma GNOME ba ya zana wa manhaja saman taga, ita ake jira ta zana nata, KDE kuwa yana zanawa. Ƙaramin tambarin da ke zama kusa da agogo shi ma a wani wajen ya fito a wani wajen sai an ƙara wani abu tukunna. Lokacin da ya kamata in kashe wajen inganta manhajar sai ya tafi a nan, kuma wallahi abin yana ci min rai don masu turo saƙon mutanen kirki ne, so suke kawai abu ya yi aiki.

Kuma ba ni kaɗai ba ce. Shi kansa Torvalds a taron DebConf na 2014 ya fito fili ya koka kan wahalar haɗa manhaja don Linux na tebur, ya kawo misali da Subsurface, manhajarsa ta masu ninƙaya a ƙarƙashin ruwa, cewa suna iya fitar da ta Windows da ta Mac cikin sauƙi amma ta Linux ta zame musu aiki. A zuciyar tsarin yana da doka mai tsauri cewa ba a karya abin da ke aiki a sama, amma waɗanda ke saman ba su riƙe irin wannan dokar a tsakaninsu ba. An taɓa gwada haɗa ma'auni ɗaya mai suna LSB, ya zo ya shuɗe ba wanda ke maganarsa yanzu.

To da aka tashi magance matsalar me ya faru? Aka fito da magani uku. AppImage fayil ɗaya ne ka sauke ka danna, Flatpak da rumbunsa Flathub, sai Snap na Canonical wanda ɓangaren sabar shagonsa a rufe yake kuma su kaɗai ke riƙe da shi. Har ta kai Mint 20 a 2020 ya toshe Snap daga shiga kai tsaye saboda a Ubuntu in ka nemi burawuzar Chromium ta apt sai a kawo maka na Snap, sannan a 22.04 Firefox ma ya koma Snap. An gudu ba a tsira ba kenan, mai rubuta manhaja da yake da deb da rpm yanzu an ƙara masa uku.

Wayland ma haka, tun 2008 aka fara shi don ya gaji X11 na 1987, kuma ya cancanci a yi don X11 kowace manhaja tana iya leƙen abin da kake bugawa a wata, amma ana cikin haka Canonical ya sanar da nasa Mir a 2013, aka yi shekaru ana jan igiya kafin ya sauka daga wannan layin a 2017. Waɗannan shekarun ai asara ce Malam, ko mun ƙi ko mun so. Kamfanin da ke tunanin kawo manhajarsa Linux in ya leƙo ya ga wannan, ga kuma masu amfani kashi kaɗan, lissafinsa ba zai kai shi ga zuwa ba.

dan_saba ya rubuta:

Ni fa ina ganin ku duka kun bar jaki kuna dukan taiki, musamman kan maganar kashi 4 ɗin nan. Ku tambayi duk wanda ke kusa da ku yaushe ya taɓa ɗora babbar manhaja da hannunsa, mafi yawan mutane ba su taɓa ba kuma ba za su taɓa ba, abin da suka tarar a cikin inji ranar da suka saya shi za su yi ta amfani da shi har injin ya mutu. Ko da yau distiro ɗaya ne tak a duniya, in dai laftof na zuwa da Windows a ciki to lissafin ba zai motsa sosai ba. Sai kuma manhajojin da mutane suka dogara da su wajen neman abinci, Photoshop da Microsoft Office na tebur da AutoCAD babu su a Linux.

Hujjata ita ce duk inda aka sayar da na'ura da Linux a ciki ya karɓu ba tare da wani ya yi tambaya ba. Android zuciyar Linux ce a cikinsa, Chromebook haka, Steam Deck, na'urar gem da kamfanin Valve ya fitar a 2022, Arch ne a ƙasa da KDE a sama kuma masu gem suna ta bugawa da yawansu ba su ma damu da sanin haka ba. A saba kuwa ai zance ya ƙare, manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya tun ƙarshen 2017 dukkansu Linux ne, kuma can ma akwai Debian akwai Red Hat akwai SUSE akwai Ubuntu, rarrabuwar ba ta hana komai ba.

Amma Malama mai_kod akwai inda na ba ki gaskiya, kuma misalin Valve ɗin ne ma ya nuna. Yadda suka sa gem ya yi aiki shi ne ta Proton da suka fitar a 2018 wanda aka gina kan Wine mai kunna manhajojin Windows a Linux, wato gem ɗin Windows ake ɗauka a kunna shi a Linux, sannan suka yi nasu rukunin laburare tsayayye da Steam ke tafe da shi don kar su dogara da abin da kowane distiro ya ga dama ya saka. Ma'ana sai da wani mai ƙarfi ya zo ya ce ga ƙasa ɗaya da za a taka sannan abu ya tafi. Abin da ke ɗan tsorata ni shi ne irin wannan haɗin kan daga kamfani yake zuwa, kuma mun ga yadda Android ya kasance, Linux ne a ciki amma Google ke juya akalarsa.

Gwamnatoci ma in sun shiga ba yawan distiro ke kayar da su ba. Birnin Munich na Jamus ya mayar da kwamfutoci wajen 15,000 kan nasa LiMux, a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows, kuma abin da aka yi ta magana a kai shi ne dacewa da takardu da manhajojin wasu ofisoshi da kuma siyasa. Jihar Schleswig-Holstein kuma a 2024 ta sanar da mayar da kwamfutoci kusan 30,000 zuwa LibreOffice da Linux. Su waɗannan zaɓa suke yi sau ɗaya su tsaya a kai.

tsohon_hannu ya rubuta:

Malama na karɓi gyara a kan maganar ƙasa, gaskiya ne wahalar tana kan masu rubuta manhaja kuma daga ƙarshe mai amfani ne ke biya. Amma ki duba ki ga a daidai wajen da kike kuka a kai ne aka fi samun haɗuwa a 'yan shekarun nan. Da can sauti kaɗai rigima ne, ga PulseAudio ga JACK kowa da inda yake aiki, yanzu PipeWire ya haɗe su tun da Fedora 34 ya fara sa shi a 2021 kuma manyan distiro sun bi. systemd duk da hayaniyar da aka yi yau shi ne a Debian da Ubuntu da Fedora da Arch da openSUSE. Wayland shi ne na farko a GNOME da kuma Plasma 6 na 2024. Flathub kuma in ban da Ubuntu da ya riƙe Snap kusan kowa ya karkata can. Ba wanda ya tilasta, gwadawa aka yi ta yi har mafi dacewa ya tsaya, illa dai abin yana cin shekaru.

Sannan damar ɓallewar nan ta taɓa ceton mu ba sau ɗaya ba. Da Oracle ya sayi kamfanin Sun a 2010 mutane suka ji tsoron makomar OpenOffice, manhajar ofis da Sun ke riƙe da ita, suka ɗauki kod ɗin suka kafa LibreOffice, yau shi ne ke cikin kusan kowane distiro. Da babu wannan damar da sai dai a zuba ido.

Ku tuna kuma abin da ya faru da xz, laburaren matse fayiloli, a Maris 2024, lokacin da Andres Freund ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta ssh tana ɗan jinkiri ya bi diddigi ya gano an dasa ƙofar baya a siga 5.6.0 da 5.6.1. Gubar ta kai ga rassan gwaji na Debian da Fedora amma ba ta kai ga tsayayyun sigogin da yawancin mutane ke kai ba, saboda ba kowa ke haɗiye sabon abu rana ɗaya ba. Da duniya duka a kan distiro ɗaya take mai saurin ɗauka, da labarin ya sha bamban.

mai_kod ta rubuta:

Labarin xz ɗin nan ai ni ma hujjata ce Malam. Laburaren da kusan kowace kwamfutar Linux ke ɗauke da shi, mutum ɗaya ne ɗan sa-kai yake ta fama da shi shekara da shekaru har ya gaji, ta nan mugun ya samu ƙofa ya shigo da sunan taimako. A daidai lokacin kuma mutane nawa ne ke can suna sauya wa Ubuntu hoton bango da kalar tambari suna sa masa sabon suna? Ban ce a hana kowa ba, ba ma mai iya hanawa, amma ina roƙon duk matashin da ya iya kod yake jin ƙaiƙayin fitar da distiro nasa, dan Allah ya fara leƙa jerin matsalolin wani aikin da ake da shi ya gyara ko guda ɗaya, ko ya taya fassara, ko ya rubuta bayanin yadda ake amfani. MATE da LibreOffice da Devuan sun ɓalle ne a kan dalili kuma suka tsaya suka riƙe abin, wannan daban yake da wanda zai fito yau bayan shekara ɗaya a neme shi a rasa, ya bar mutanen da suka yarda da shi babu sabuntawar tsaro.

sabon_shiga ya rubuta:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, yanzu na fara ganin kan abin, musamman maganar gidaje ukun nan ta buɗe min ido sosai. Har yanzu dai ina ganin da an rage da ya fi, amma na gane ba abu ne da wani zai tashi ya yanke ba. To yanzu a aikace, ƙanwata tana da tsohuwar laftof mai RAM 4GB, karatu da rubutu da burawuza kawai take yi kuma ba ta son abin da zai sa ta buɗe taminal, me zan ɗora mata? Kuma ni da na riga na sa mai dnf ɗin nan in sauke in koma irin nata ne ko in zauna? Sannan in na sake cin karo da maɓallan nan shida wanne zan danna?

mai_kod ta rubuta:

Ita ƙanwar taka sa mata Mint, na Xfce zai fi yi wa 4GB sauƙi duk da na Cinnamon ma zai tafi, fuskar ta yi kama da abin da ta saba kuma a kan Ubuntu LTS aka gina shi don haka zata daɗe ba a tashe ta ba. Kafin ka taɓa komai ka kwashe mata fayilolinta a wani wajen, sannan ka kunna shi daga filash ba tare da ka ɗora ba ka gwada wayfay da sauti da kyamara da firinta in tana da ita, in duk sun yi sai ka ɗora. In kana son gwada biyu ko uku akwai Ventoy, filash ɗaya zaka zuba musu duka ka zaɓa lokacin kunnawa.

Kai kuma tunda naka yana aiki zauna abinka, kawai ka san cewa in Fedora ne sigarsa wajen wata 13 ake tallafa mata don haka zaka riƙa hawa sabuwa lokaci lokaci, kuma in zaka nemi darasi ka riƙa haɗawa da sunan distiro ɗinka a binciken don kar a sake ba ka umarnin wani gida. In kuma kana ganin kai ne zaka riƙa gyara mata in ta samu matsala to akwai hikima ku zama a kan abu ɗaya.

Maganar maɓallai, fara duba shagon manhajoji da ke cikin tsarin naka tukunna kafin ka je shafin kowa, yawanci abin yana nan. In babu shi ka duba Flathub. In nan ma babu sai ka koma shafin nasu, kai rpm zaka ɗauka ita kuma deb, AppImage in shi kaɗai ya rage, shi kuma sai ka ba fayil ɗin izinin gudana kafin ya buɗe. tar.gz ɗin ka bar shi sai ka ƙara sabawa.